Minti Tara da Kyamara Ba Ta Ɗauka Ba

Auta ake ce mata, a gida da waje, ko da yake ta ba shekara talatin baya har da ɗoriyar biyu. Sana'arta ɗaukar bidiyo. In ka tambaye ta taro nawa ta ɗauka, ba za ta ce maka suna da yawa ba. Za ta ce ɗari huɗu da sha ɗaya, ta kuma rarraba maka su, na aure kaza, na yaye ɗalibai kaza, na buɗe shago kaza. Tun tana yarinya haka take. Ta san matakalar benen makarantarsu ashirin da uku ce, ta san taku ɗari da tamanin ne daga ƙofar gidansu zuwa shagon waldar mahaifinta. Ummanta kan ce, "Wannan ko kuka take yi sai ta ƙirga hawayen."

Da wata tsohuwar kyamara ta fara, irin mai madubi a ciki, wadda haske na raguwa ita ma take sanyi. Ɗakunan taro kuwa masu su ba sa son kunna fitila sosai, wai duhu-duhun ya fi tsari. Taro sittin da huɗu ta ɗauka da tsohuwar, tana shan ƙorafin masu biki, kafin ta mallaki wadda ta daɗe tana hange, marar madubi, mai babban allo.

In aka tambaye ta bambancin, bayaninta gajere ne. A cikin kowace kyamara akwai ɗan allo mai karɓar haske. Na wayar hannu bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na tata kuwa tsawonsa milimita talatin da shida, faɗinsa ashirin da huɗu. "Ruwan sama ake yi," in ji ta, "wani ya tara kofi, wani ya tara baho. Wa zai fi samu?" Ta san aibinta ma, ba ta ɓoyewa. Tana shan batir kamar ruwa, shi ya sa guda huɗu take yawo da su, kowanne minti saba'in. In aka buɗe ƙofar haskenta duka, wurin da ke fita tangaran a hoto ba ya wuce kaurin yatsa biyu, gaba da baya duk dishi-dishi. Sannan tana ɗaukar zafi. Amma duk wannan sanin a ɗakunan taro masu na'urar sanyaya wuri ta yi shi, inda zafin bai taɓa kai ta bango ba.

Mahaifinta mai walda ne, shekara arba'in da ɗaya yana yi. Rabin ƙofofin ƙarfen layinsu hannunsa ne. Bai taɓa rufe fuska ba. In zai ƙyasta wuta sai ya kanne ido ya ɗan kau da kai, ya ce ido ya saba. Da yamma Umma ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a fuska yana tsaki, da safe ya koma. Shekara uku da suka wuce idon ya ce ya gaji. Bai makance ba, yana ɗan gani, sai dai haske ya zama masa kamar barkono. Aka rufe tagar ɗakinsa da bargo biyu, aka kwance ƙwan fitila, aka sayo masa baƙin gilashi. Abokin aikinsa da ake ce wa Dogo ya ci gaba da riƙe shagon. Kullum sau biyu Auta ke shiga gaishe shi, tana laluben bango, abin da take gani kawai inuwar mutum a bakin gado.

Akwai kuma maganar yayanta, wadda ba a cika tayar da ita a gidan ba. Shekara sha ɗaya ke nan, da ya gama makarantar koyon aikin injiniya ya sami aikinsa na farko, sai ya sayo wa Baba hular walda, irin mai rufe fuska duka, mai baƙin gilashi a gaba. Ya kai masa har shago da murnarsa, a gaban Dogo da maƙwabtan shago da masu kawo aiki. Baba ya jujjuya ta ya yi dariya.

"Kwalkwali ka sayo mini? Yaƙi aka ce maka zan tafi?"

"Baba, idonka ne. An koya mana cewa hasken nan..."

"An koya muku. To madalla, yau ƙwai ya zo koya wa kaza kwanci. Dogo, rataye ta a ƙusar can, ko albasa ma zuba a ciki."

Kowa ya yi dariya, ban da Yaya. Bayan wata biyar ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ya tafi. Duk mako yana kiran Umma, in za su yi sallama ya ce a gaida Baba. Umma ta leƙa ta ce yana gaishe ka, Baba ya ce yana amsawa. Haka aka yi ta yi shekara sha ɗaya, babu faɗa, babu shiri.

Ranar Litinin likita ya ba su sakamakon gwajin da aka yi wa Baba saboda dashewar muryar da ta ƙi tafiya wata shida. Ƙari ne a maƙogwaro. Za a yi aiki ranar Alhamis, ana sa ran zai tashi, amma sai an cire wurin da murya ke fitowa. Auta ta ƙirga a zuci tun kafin likita ya rufe baki, Talata da Laraba, kwana biyu.

Da suka dawo gida ta raka shi ɗaki, tana shirin fita ya kira ta.

"Auta, wannan abin naki da kike cika mana kunne da yabonsa, yana gani a nan ciki?"

"Yana gani, Baba."

"Ba tare da kin haska ni ba?"

"Ko fitila ɗaya ba zan kunna ba."

"To ki kawo shi gobe. Akwai maganar da nake so in bari, a tura wa yayanki."

Umma daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ga waya, a kira maka shi mana yanzu."

"Waya baki biyu gare ta. In ya amsa zan rikice. Ki bar ni da wadda ba ta mayar da magana."

Talata da safe Auta tana da aikin da ta riga ta yi alkawari, ba ta shigo gida ba sai sha ɗaya da rabi, rana ta fara dukan kwano. Ta shirya cikin sauri, tana jin daɗin kanta, don wannan ne aikin da aka yi kyamarar dominsa. Ta buɗe ƙofar ɗakin faɗin yatsa huɗu, ta rataya farin zanin gado a bangon da ke fuskantar ƙofar don ya maido da ɗan hasken kan Baba a hankali. Ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, taku biyu da rabi daga gado. Ta liƙe 'yar jar fitilar gabanta da baƙin tef. Allon bayanta ma ta kife shi a jikinta don kada haskensa ya taɓa idon Baba. Ta maƙala masa makirufo a wuyan riga, ta jona wayarsa kai tsaye da kyamara. 'Yar na'urar ɗaukar murya da take haɗawa da ita a wurin aiki tana can cikin jaka a ofis, ba ta ga dalilin komawa ɗauko ta ba, aikin gida ne. Ta zaɓi hoto mafi girma da kyamarar ke iya ɗauka, don Baba ne. Daga ƙarshe ta saurara, ta ji fanka tana gurnani, ta kashe ta.

"Za ki dafa ni," in ji Baba.

"Ƙararta za ta shiga muryarka, Baba. Minti talatin ne kawai."

Sai ta sa idonta a mahangin kyamara.

Kyamara marar madubi ba abin da ido ke gani take nuna maka ba, abin da allonta ya tattaro take nunawa. A ɗakin da Auta ba ta iya ganin tafin hannunta sosai, sai ga mahaifinta zaune a gabanta kamar da hantsi. Rabon da ta ga fuskarsa haka shekara uku. Gemunsa ya yi fari fat, ita kuwa a zuciyarta furfura ce jefi-jefi. Kumatunsa sun faɗa. Ga ɗigo-ɗigon tabon tartsatsi a goshinsa da ta saba ƙirgawa tana yarinya in ya ɗora ta a cinya, sha bakwai. Ta sake ƙirgawa, suna nan sha bakwai. Ta ɗauke ido daga mahangin, duhu ya dawo, ta share fuska da gefen mayafi ta mayar.

Kyamarar tana ta kai-komo da gilashinta, zuuu gaba, zuuu baya. An yi ta ne ta nemi ƙwayar idon mutum ta tsaya a kai, ga shi ido yana bayan baƙin gilashi. Ta kama matashin kai, ta saki, ta kama butar da ke gefen gado.

"Me take nema ne take ta wannan kuka?"

"Idonka take nema, Baba."

"Ni ma shekara uku ina nemansa. In ta samo ta gaya mini."

Auta ta kashe neman, ta saita da hannu a kan bakinsa. "Kada ka matsa gaba ko baya, Baba. In ka matsa da yatsa biyu ka ɓace."

"Ashe abin naki ma lalurar ido gare shi. To bismilla."

Ya fara daga nesa, kamar mai zagaye gida kafin ya shiga. Ya faɗi yadda ya koyi walda a hannun wani gurgu mai zafin rai. Ya yi wa jikokinsa biyu da bai taɓa gani ba nasiha. Ya ce Umma ta yi haƙuri da tsumman da ta jiƙa shekara da shekaru, Umma daga tsakar gida ta ce, "Ka yi maganar da ta kawo ka, Malam, ka bar ni da tsummana." Muryarsa tana fita kamar ana jan zarto a kan katako, amma tana fita. Gumi yana bin bayan Auta.

A minti na ashirin da ɗaya wata 'yar alama ruwan ɗorawa ta bayyana a kusurwar mahangin. Zafi. Auta ta san ta. A ɗakin taro in ta fito, akan ƙara minti goma kafin komai ya faru. Ta lissafa, ta ce za su kai. Ta ji tsoron in ta katse shi yanzu ba zai sake kama zaren ba.

A minti ashirin da huɗu da daƙiƙa goma Baba ya gyara murya ya ce, "Saura kai, babban ɗana." Mahangin ya yi baƙi.

Ta danna, kyamara ba ta tashi ba. Jikin kyamarar kamar dutsen guga. Wayarta tana aljihu, za ta iya ɗauka da ita, amma in ta ciro haskenta zai soki idonsa, kuma zai gane. Baba kuwa ya riga ya shiga maganar. Ya faɗi ranar da aka haifi Yaya, yadda ya bar ƙofar wani rabi a haɗe ya ruga asibiti da baƙin hannu, aka hana shi ɗaukar jaririn sai ya wanke. Ya faɗi ranar hular, da wanda ke wurin, da wanda ya fi kowa dariya. Ya faɗi abubuwan da Auta ba ta taɓa zaton suna cikinsa ba. Ita tana tsaye, idonta manne da mataccen mahangi, tana ƙirga daƙiƙa a zuci don ba ta san me za ta yi ba ban da ƙirga. Minti tara. Sai tari ya sarƙe shi, muryar ta tsaya cak. Da ƙyar ya ce, "Kashe abin."

Ta fito ta zauna a kan dakalin famfo da kyamara a cinya. Umma ta zo tana goge hannu.

"Ya fito?"

"Ya fito, Umma. Wani wurin."

"Wane irin wani wurin kuma? Ke da ba kya magana sai da lamba?"

Hanya uku Auta ta gani. Ko ta tura wa Yaya minti ashirin da huɗun, ya kalli ubansa yana yi wa kowa magana ban da shi. Ko ta yi shiru har Alhamis ta wuce, lokacin da babu sauran mai tambaya da baki. Ko ta koma ciki. Ta daɗe tana juya biyun farko, kowacce ta ɗauka sai ta ji ta fi kyamarar ƙuna. Da rana ta yi sanyi ta koma ta durƙusa a gaban gadon.

"Baba, na yi ɓarna. Kyamarar ta mutu kafin ka fara maganar Yaya. Ko kalma ɗaya ba ta ɗauka ba. Na ga alamar zafi na ƙyale, kuma da ta mutu na kasa gaya maka."

Muryarsa ta koma raɗa, sai da ta matso.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da inji. Akwai ɗan ƙas da ta yi. Ga warin roba mai zafi tun kafin nan."

"To me ya sa ka ci gaba, Baba? Ka ƙarar da muryarka a banza."

"Kin taɓa ganin na ƙyasta sabuwar sandar walda a kan ƙofar mutane? A guntun ƙarfe ake fara gwadawa. Da tana ɗauka, da ban iya faɗa ba." Ya numfasa. "Injina minti shida yake aiki ya huta huɗu, an rubuta a jikinsa. Taki ba a rubuta mata ba?"

"An rubuta a littafinta. Shafi na tamanin da bakwai."

"Kin karanta?"

"Na karanta."

"Kika ƙi ji. To ashe gado kika yi." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da sauti. "Tashi ki je shago. Ƙarƙashin benci, bayan ƙofa, akwai farantin alminiyam mai kaurin yatsa. Ki ce Dogo ya huda miki tsakiyarsa daidai ƙusar gindin abin naki. Ki kwantar da shi a kan siminti kusa da randa ya kwana. Zafi baƙo ne, in kin nuna masa hanya zai fita. Sannan ki ɗago kai ki dubi ƙusar da ke saman taga. Abin da ke rataye a wurin ki taho da shi."

Taku ɗari da tamanin. Dogo ya huda farantin bai tambayi dalili ba. Da ya ga ta miƙa hannu wajen ƙusar sai ya ajiye abin da yake yi, ya ɗauko kujera ya hau ya sauko mata da hular da kansa, ya hure ƙurar da ke kanta. "Ni na rataye ta," in ji shi. "Ki ce masa ni ma na yi dariya ranar."

Laraba ƙarfe bakwai na safe ta shirya, kafin kwano ya ɗau rana. Umma ta hana Baba magana tun jiya, ta ba shi ruwan ɗumi da zuma, ta ce ko gaisuwa kada ya amsa. Auta ta ɗaure kyamara a kan farantin mai sanyi. Ta janye allon baya daga jikinta a kashe, ta buɗe murfin batir don iska ta ratsa. Ta rage girman hoton zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na jiya. Ta kunna fanka a lamba ɗaya ta juya ta wajen kyamara, ta yarda da gurnanin. Na'urar ɗaukar murya da ta je ofis ta ɗauko tana kan matashi, ta riga ta fara aiki. Za su yi minti shida su huta huɗu, in ji Baba, ko ana tsakiyar kalma.

Ya zauna da hular a kan cinyarsa, hannayensa biyu a kanta. Auta ta leƙa mahangi. In ta saita a fuskarsa, hular ta zama wani baƙin dunƙule da ba a san ko mene ne ba. In ta saita a hular, fuskarsa ta narke. Tsakaninsu taƙi biyu ne, ita kuwa yatsa biyu take da shi.

Maganin ta san shi. A tsuke ƙofar hasken kyamara, sai wurin da ke fita tangaran ya faɗaɗa. Amma mataki uku take bukata, kowane mataki yana raba haske biyu, ke nan kashi ɗaya cikin takwas zai rage mata. Sai dai ta tilasta wa allon ya ƙara jin haske ninki takwas, daga dubu uku da ɗari biyu zuwa dubu ashirin da biyar da ɗari shida. A nan kuwa ko babban allo sai ya gaza, hoto ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. A aiki ɗari huɗu da sha ɗaya ba ta taɓa miƙa wa kowa hoto mai yashi ba. Da shi take yi wa abokan sana'a gori.

Baba ya ji shirun ya yi yawa. Ya karya dokar Umma ya raɗa, "Haske ne bai isa ba? Ƙara buɗe ƙofar."

Ta ƙara yatsa biyu. Bai motsa ba. Amma a mahangin ta ga ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin baƙin gilashin, layi biyu, haƙoransa a datse. Ta mayar da ƙofar yatsa huɗu. Ta tsuke ƙofar hasken mataki uku, ta murɗa lambar sama. Yashi ya cika hoton, launin rigarsa ya dusashe. Amma ga fuskar Baba, ga hannayensa, ga hular, har da 'yar ledar da ke manne a gilashinta tun daga kanti.

"Bismilla, Baba."

Wannan karon bai zagaya ba.

"Babban ɗana. Ka ga abin da ke hannuna. Ka kawo mini ita da hannu biyu, na mayar da kai abin dariya a gaban mutane. Ba don ban san gaskiya ka faɗa ba. Na sani tun a lokacin, idon yana yi mini ciwo tun kana firamare. Kunya na ji a ce ɗana ya ga abin da nake ɓoyewa. An ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, to ni ganin ma an karɓe." Ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Gobe za su karɓi muryar. Kafin su karɓa, ka yafe mini. Ba a gaida Baba nake so ba. Ni nake gaishe ka."

Ya lalubi gefen ledar da farce, ya ɓare ta a hankali, ta yi ƙara a makirufo.

"Jiya da kowa ya fita na gwada ta. Daidai kaina. Ka iya awo."

Minti uku da daƙiƙa arba'in. Ba su ma kai ga hutun ba. Auta ta taɓa kyamara, ɗumi kawai, farantin ya sha zafin. Ta duba sau biyu ta tabbatar yana ciki, ta kwafe shi wuri uku, ta tura wa Yaya ƙarfe tara da kwata. Ƙarfe biyu da minti shida wayar ta nuna ya buɗe. Amsa ba ta zo ba. Ta duba sau talatin da ɗaya kafin ta daina ƙirgawa. Baba bai tambaya ba.

Alhamis da safe suna zaune a barandar asibiti, an lulluɓe wa Baba kai da tawul saboda fitilu. Saura minti ashirin da biyar a shiga da shi wayar Auta ta yi ƙara.

"Auta." Muryar Yaya ce, a toshe kamar mai mura. "Wannan wane irin hoto ne duk yashi? Ashe duk cika bakin nan ba ki iya ba."

"Ka zo ka ɗauka da kanka mana, injiniya."

Sai ya ce, "Ledar ma bai cire ba. Shekara sha ɗaya." Ta ji yana jan numfashi. "Ba shi wayar."

Ta zura wayar ƙarƙashin tawul. Abin da Yaya ya ce ba ta ji ba. Na Baba kawai take ji, "Na'am. Na'am. Na ji. Allah ya yi maka albarka." Minti huɗu da daƙiƙa sha biyu suka yi, fiye da rabi shiru ne. Umma ta juya musu baya tana gyara ɗaurin jakar da ba ta kwance ba. Da ma'aikaciyar jinya ta zo da keken, Baba ya miƙo wayar ya ce, "Auta, riƙe." Kalmarsa ta ƙarshe ke nan da murya.

Aiki ya yi kyau. Bayan kwana sha tara Yaya ya iso da matarsa da yaran biyu. Yakan shiga ɗakin ya zauna awa guda, shi yana magana, Baba yana amsawa da ƙwanƙwasa guntun sandar walda a ƙarfen gado, ɗaya e, biyu a'a, uku kuwa Umma ta ce ma'anarsa ka cika surutu.

Farantin alminiyam yana nan a gindin kyamarar Auta har yau. Nauyinsa giram ɗari shida da arba'in, abokan sana'a suna tsokanarta wai ta ɗaura wa kyamara murfin tukunya. Ba ta cire ba, kuma ba ta sake fita ba tare da na'urar murya ba, ko aikin minti biyar ne.

Ana gobe Yaya zai koma, ya same ta a dakalin famfo tana goge gilashin kyamara.

"Umma ta ce wai akwai wata ta farko da ba ta ɗauku ba."

"Akwai. Minti tara."

"Me ya ce?"

Ta ajiye tsumman ta faɗa masa, tun daga ƙofar da aka bari rabi a haɗe da baƙin hannun da aka hana ɗaukar jariri. Ta yi ƙoƙari ta bi maganar yadda Baba ya jero ta. Da ta gama ta dubi agogo, minti shida ta yi. Uku sun zube mata a wani wuri.

Suna dawowa da kaɗan-kaɗan. Wani lokaci tana tsakiyar ɗaukar taro, idonta a mahangi, sai wata jimla ta faɗo mata da muryar zarton nan. In an tashi hutu sai ta koma gefe ta rubuta wa Yaya a waya, ba gaisuwa, ba bayani, jimlar kawai. Zuwa makon jiya ta tura masa sha huɗu.